Yadda Ake Samo Sabbin Kwastomomi Idan Daga Gida Kake Sana'a

Mai shago a bakin hanya yana da wani abu da mai sana'ar gida ba shi da shi, wato masu wucewa. Ko bai buɗe baki ba, wani zai hango kaya ya tsaya, wani ya shigo tambayar hanya ya fita da leda a hannu. Amma wanda yake ɗinki a ɗakinsa, ko yake haɗa sabulu a tsakar gida, ko yake koya wa yara darasi a falo, ko yake zana wa kamfanoni tambari a kwamfuta, babu mai giftawa ta gabansa. In bai tashi ya nemi ciniki ba, ciniki ba zai san ƙofar gidansa ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya iya aiki, hannunsa na da kyau, amma wata ya mutu oda biyu kacal ya samu, har ya fara zargin kansa. Sau da yawa ba daga hannun matsalar take ba. Neman kwastoma aiki ne mai zaman kansa, yana son lokacinsa da tsarinsa, kuma daga na kusa ake soma shi kafin a matsa zuwa na nesa. Da yawa suna birkita wannan tsari: su fara da biyan kuɗin talla don baƙi su gan su, alhali wanda ya saya a wurinsu watan jiya ko gaisuwa ba su aika masa ba.

Da gangan na jera matakan nan yadda suke. Na farko-farkon ba sa cin ko sisi, sai lokaci da ɗan ajiye kunya a gefe.

Mataki na 1: Ka san amsar da za ka bayar idan an tambaye ka

Kafin ka nemi kowa, zauna ka tsara amsar tambayar nan: "Wai wace sana'a kake yi ne?" Yawancin masu sana'ar gida cewa suke yi "ina ɗan taɓa ɗinki" ko "'yan saye-saye da sayarwa ne dai". Irin wannan amsa ba ta kawo ciniki, domin wanda ya ji ta bai samu abin da zai riƙe ya kai wa wani ba. Amsa mai amfani tana ɗauke da abu uku: me kake yi, su wa kake yi wa, kuma me za su samu a wurinka. "Ina ɗinka kayan makarantar yara, cikin mako guda nake gamawa." "Ina koya wa 'yan sakandare lissafi, musamman masu shirin jarrabawar fita." "Ina gyaran injin wanki, har gida nake zuwa."

Wasu na tsoron taƙaita kansu haka, suna ganin za su kori masu neman wani abin daban. Akasin haka ake gani. Mutane sun fi tuna wanda aka san shi da abu ɗaya, kuma uwar da ta zo ɗinkin kayan makaranta ta ga aiki mai tsafta, da kanta za ta tambaya ko kana ɗinka na manya. Gwada jimlar taka a kan wani da ba ya cikin sana'ar, washegari ka ce ya maimaita maka. In ya kasa, to ta yi tsawo ko ta yi duhu, sai ka sake ta.

Mataki na 2: Buɗe littafin kwastomomi

Samu littafi mai layi, ko ka buɗe shafi a Google Sheets in ka fi sabawa da waya, ka ja layi gida shida: suna, lambar waya, abin da mutum ya saya ko ya tambaya, kwanan wata, ta inda ya ji labarinka, da ranar da za ka sake tuntuɓarsa. Ka koma baya ka cike shi da duk wanda ya taɓa saye a wurinka, har da waɗanda suka tambayi farashi suka yi shiru. Binciki tsofaffin saƙonni da rasidai, za ka tarar da sunayen da ka manta da su.

Gida na biyar shi ne wanda ake yawan tsallakewa, kuma shi ya fi daraja. Duk sabon mutumin da ya yi maka magana, ka tambaye shi cikin hira: "Wa ya ba ka lambata?" ko "A ina ka ga aikina?" Bayan wata uku littafin zai gaya maka gaskiyar da zato ba zai gaya maka ba. Mai yiwuwa kana kashe awa biyu kullum a Instagram, amma rabin kwastomominka ta hannun mutum ɗaya suka zo.

Akwai wani dalilin kuma. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya na kusan awa shida. Wanda duk cinikinsa a cikin manhajojin nan yake, ranar zaman jira ya yi. Wannan ma na wucin gadi ne. Shafi yana iya rufuwa, ana iya sace asusu, waya tana iya faɗawa ruwa. Mabiyanka a kafar sada zumunta a hannun kamfani suke, amma lambobin da ka rubuta a littafi naka ne.

Mataki na 3: Koma wa waɗanda suka riga suka saya

Nan ne ya kamata mafi yawan ƙarfinka ya tafi, kuma nan ne ake yawan sakaci. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya taɓa ba ka kuɗinsa ya ga aiki ya gamsu, ya riga ya tsallake babban shingen da ke tsakaninka da baƙo, wato rashin yarda. Mai sana'ar gida ba shi da allon shago, ba shi da ginin da za a kalla a ce ba zai gudu ba. Abin da ke tsaya masa a madadin wannan shi ne bakin wanda ya gwada shi.

Sai dai gamsuwa kaɗai ba ta sa mutum ya yi maka talla. Kowa da abin da ya sha masa kai, ya karɓi kayansa ya ji daɗi ya manta. Dole ka roƙa, kuma roƙon yana da lokacinsa da lafazinsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da yabo ya fito daga bakinsa, ko kwana biyu zuwa uku bayan ya karɓi aiki. Fara da tambayar lafiyar kayan: "Hajiya, barka da yamma. Rigunan yara sun yi musu daidai kuwa? In akwai abin gyara a turo min." In ta ce sun yi kyau, sai ka ɗora: "Na gode ƙwarai. Don Allah in akwai wata a cikin iyayen ajinsu da ke neman mai ɗinki, ki ba ta lambata. Ga hoton aikin nan da za ki iya tura mata."

Duba bambancin wannan da cewa "a taya mu talla". Na farkon ya sa ta tuna mutum takamaimai, iyayen ajin 'ya'yanta, kuma ya ba ta abin turawa a shirye. Na biyun ya bar mata aikin tunani, kuma ba za ta yi ba. Saboda haka ka tanadi saƙo ɗaya gajere, mai hoto guda, da jimlar nan ta mataki na farko, da lambarka, wanda za a iya turawa ba tare da an ƙara ko harafi ba.

Idan wani ya zo ta hannun wani, abu biyu sun wajaba a kanka. Ka sanar da wanda ya turo shi cewa ya iso, ka yi godiya a ranar. Sannan ka riƙe sabon da kyau fiye da kima, domin mutuncin wanda ya turo shi ne a hannunka; in ka ba shi kunya sau ɗaya, ba zai sake turo kowa ba, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Maganar tukuici kuwa, ra'ayina shi ne ya fi kyau ya zo bayan an yi, a matsayin ragi a aiki na gaba ko wata 'yar kyauta, a kan a yi alkawarin la'ada tun farko. Aboki in ya san ana biyan wanda ya ba shi shawara, shawarar takan rage nauyi a idonsa. Amma in da wanda sana'arsa ce kawo ciniki za ka yi hulɗa, to ku yanka la'ada a fili, ku rubuta, kowa ya san kasonsa.

Kada ka manta da waɗanda suka daɗe ba su dawo ba. Galibi ba fushi suka yi ba. Saƙon gaisuwa da labarin wani sabon abu da kake yi yakan isa ya dawo da wasu.

Mataki na 4: Sanar da 'yan sani

Da yawa suna tsayawa a kan dangi da aminai, in waɗannan sun gama saye sai ciniki ya tsaya cik. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincike da ya nuna cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga waɗanda ba su cika haɗuwa da su ba, a kan daga aminansu na kullum. Dalilin a fili yake: amininka mutanen da ka sani shi ma ya sani, amma wanda kuka yi makaranta tare shekara goma da suka wuce yana yawo cikin jama'ar da ba ka taɓa gani ba.

Don haka buɗe lambobin wayarka daga farko zuwa ƙarshe, ka fitar da tsofaffin abokan karatu, abokan aiki na da, maƙwabtan da suka tashi, iyayen abokan 'ya'yanka. Ka riƙa tura wa mutum uku zuwa biyar a rana, kowa da sunansa da gaisuwar da ta dace da shi. Ba saye za ka ce ya yi ba. Ka sanar da shi abin da kake yi yanzu, ka ce in ya ji mai buƙata ya tuna da kai. Mutum ya fi sakin jiki da wannan, domin ba ka ɗora masa nauyin aljihu ba.

Mataki na 5: Mayar da wayarka ƙofar shago

Duk wanda aka ba lambarka, abu na farko da zai yi shi ne ya duba ka a waya. Abin da ya gani a daƙiƙun farko shi zai sa ya yi magana ko ya fasa. In da hali ka ware layi na sana'a daban, ka sauke WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a Janairun 2018 saboda ƙananan 'yan kasuwa, kuma kyauta ce. Sa sunan sana'ar, sa hoton aikinka a maimakon hoton fure ko na wani gwarzonka, rubuta jimlarka a wurin bayani, ka sa lokutan da kake amsa saƙo.

Sannan ka cika katalog, wato wurin jera kayanka a cikin manhajar. Yana ɗaukar har abu 500, amma goma masu kyau, kowanne da hoto da bayani da farashi, sun fi ɗari da aka zuba barkatai. Ina goyon bayan rubuta farashi a fili. Mutane da yawa suna jin nauyin tambaya, suna gudun kada a faɗa musu abin da ba za su iya ba su ji kunya, sai su wuce shiru. In aikinka irin wanda farashinsa ke canzawa ne, rubuta inda yake farawa.

Manhajar tana da saƙon maraba da ke fita da kansa ga wanda ya fara yi maka magana, da saƙon da ke sanar da cewa ba ka kusa, da amsoshin da za ka adana ka riƙa kiran su da alamar / don tambayoyin da ake maimaitawa, kamar yadda ake biya da tsawon lokacin aiki. Haka kuma kana iya haɗa adireshin da ke kai mutum kai tsaye cikin hira da kai: wa.me/ sai lambarka da lambar ƙasa a gaba, ba alamar tarawa, ba sifirin farko. Wannan adireshi ka sa shi a duk inda sunanka ya bayyana.

Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba: sitatus ɗinka ba ya isa ga mutum sai in ka adana lambarsa shi ma ya adana taka. Haka saƙon da ake aika wa jama'a lokaci guda, wanda manhajar ke kira Broadcast, yana ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, amma wanda ya adana lambarka ne kawai zai same shi. Ke nan duk hirar da ka yi da sabon mutum, ka rufe ta da "don Allah a adana lambar nan, a nan nake sa sababbin kaya", kai ma ka adana tasa nan take. Sitatus bayan awa 24 yake gogewa, saboda haka abu biyu ko uku kullum sun fi ashirin a rana ɗaya sannan a yi mako shiru. Kuma ka guji jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba, ko tura talla ga lambobin da ka kwaso daga wani zauren. Bayan ɓata suna, in mutane suka yi ta kai ƙararka WhatsApp na iya rufe layin. Kunna tsaron lambar sirri mai lamba shida (two-step verification) da ke cikin saitin WhatsApp, kuma kada ka taɓa karanta wa kowa lambobin da aka turo maka ta tes, ko da ya ce oda zai bayar.

Mataki na 6: Tara shaida

Baƙo ba ya ganin ka, hoto yake gani. Ba sai da kyamara mai tsada ba. Goge gilashin kyamarar wayarka da gefen riga, kai kayan kusa da taga da safe ko da la'asar lokacin da haske ke da laushi, shimfiɗa farin ƙyalle ko kwali a ƙasa, ka kawar da duk tarkacen da ke baya. Kashe fitilar ɗaki, don tana canza launi. Ɗauki ɗaya daga nesa, ɗaya daf da kayan yadda za a ga zaren ɗinki ko laushin sabulun. In gyara kake yi, ɗauki hoton kafin da na bayan. In koyarwa ce, ɗan gajeren bidiyo kana warware tambaya ɗaya a kan takarda ya fi doguwar sanarwa.

Kada ka ɗauko hoton aikin wani daga intanet ka ce naka ne. Ranar da aka karɓi kaya aka ga bambanci, kwastoman da duk waɗanda zai ba labari sun tafi.

Yabon da kwastoma ya rubuto maka shi ma shaida ne, amma ka nemi izininsa kafin ka wallafa, ka rufe lambarsa da hotonsa. Bidiyon hannunka yana aiki, ko kana naɗe odar da za ta fita, yana kwantar wa baƙo hankali cewa akwai mutum na gaske a bayan lambar.

Mataki na 7: Je inda baƙi ke nema

Sai yanzu aka zo kan waɗanda ba su san ka ba sam. Zaɓi kafa ɗaya, wadda littafinka ya nuna mutanenka suna ciki, ka riƙe ta da kyau. Kayan da ido ke saye sun fi tafiya a Instagram da TikTok. Aikin da ake yi wa kamfanoni, kamar lissafin kuɗi ko fassara ko zane, ya fi samun masu nema a LinkedIn. Zaurukan Facebook na mazauna yanki ɗaya suna da amfani ga mai gyara da mai koyarwa, amma shiga da talla kai tsaye ba ya haifar da komai. Ka riƙa amsa tambayoyin da suka shafi sana'arka kyauta. Wanda ya yi wa mutane bayanin abin da ke sa injin wanki ya ƙi zubar da ruwa, shi za a kira ranar da abin ya fi ƙarfin mai gida.

In kana haɗuwa da kwastomominka ido da ido, buɗe Google Business Profile. Kyauta ne, kuma shi ke sa ka fito a taswira idan wani ya nemi mai irin sana'arka a kusa da shi. Abin da ya sa ya dace da mai sana'ar gida shi ne kana iya ɓoye adireshin gidanka, ka lissafa yankunan da kake zuwa kawai, har guda 20. Google zai tantance ka kafin shafin ya fito. Bayan nan ka riƙa roƙon waɗanda suka gamsu su rubuta ra'ayinsu a wurin, amma ban da biyan su ko yi musu alkawarin ragi, domin ƙa'idar Google ta hana, kuma ana iya goge ra'ayoyin.

Kada kuma ka raina takarda. Ɗan kati mai ɗauke da sunan sana'a da jimlarka da lambarka, ko sitika a jikin kowane ƙunshin da ya fita daga hannunka, yana shiga gidajen da ƙafarka ba za ta taɓa takawa ba. Sa kati biyu a kowace oda, ɗaya na mai kaya, ɗaya na wanda zai tambaye shi.

Mataki na 8: Ƙulla da masu sana'ar da ke gaba da taka ko bayanta

Tambayi kanka: kafin kwastoma ya zo wurina, wurin wa yake zuwa? Bayan ya bar ni kuma, ina ya nufa? Mai ɗinki yana da mai sayar da yadi a gabansa. Mai koyar da darasi yana da malaman makaranta da masu sayar da littattafai. Mai zanen tambari yana da masu ɗab'i. Waɗannan kullum suna tare da mutanen da kake nema, kuma ba kishiyoyinka ba ne. Je ka same su da samfurin aikinka a hannu, kuma ka fara tura musu ciniki kafin ka nemi su turo maka. Mutum biyu ko uku irin waɗannan, in kun fahimci juna, suna iya riƙe sana'arka shekara da shekaru. Har wanda kuke sana'a iri ɗaya ma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Ranar da aiki ya yi masa yawa, wanda ya yarda da shi zai miƙa wa ragowar.

Mataki na 9: Amsa da wuri, kuma ka bi sawu

Duk wahalar da ke sama tana iya zubewa a nan. Mai tambayar farashi yawanci ba kai kaɗai ya tambaya ba, kuma wanda ya fara ba shi amsa gamsasshiya shi ke da rinjaye. In hannunka na cikin aiki, ware lokuta uku a rana na duba saƙo, ka bar saƙon da ke sanar da lokacin da za ka amsa.

Idan aka ce "nawa ne?", kada ka jefa lamba tsirara ka yi shiru. Faɗi farashin, faɗi abin da ke cikinsa da ranar da za a samu, sannan ka rufe da tambaya: "Na yara nawa ne, kuma yaushe ake buƙata?" Tambaya tana riƙe hira. In an yi shiru, jira kwana biyu ka sake taɓawa sau ɗaya: "Malam, ina fatan kana lafiya. Maganar aikin nan, akwai gurbi a makon nan in har yanzu ana so." In shirun ya ci gaba, rubuta shi a littafi ka bar shi zuwa wata guda, ko zuwa lokacin da buƙatar ke dawowa, kamar gab da komawa makaranta. Wuce haka ya zama naci, kuma naci yana kore mutum har abada.

Sabon kwastoma yana zuwa da haɗarinsa. Aikin da za ka sayi kaya dominsa, karɓi kafin alƙalami, ka rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai cikin saƙo ɗaya ya amsa da "na yarda". Kada ka saki kaya saboda hoton rasidi ko tes na shigar kuɗi. Buɗe asusunka ka gani da idonka, don ana ƙirƙirar na bogi. Tunda kuma wurin sana'arka nan ne inda iyalinka ke kwana, ba kowane baƙo ake ba adireshi ba. Wanda ba ka sani ba, ku haɗu a wurin da jama'a suke, ko ka aika masa ta hannun mai kai saƙo, har sai hulɗa ta yi ƙwari. Yana da kyau kuma ka bincika dokar inda kake zaune game da rajistar sana'a da izinin yin ta a gida, musamman in kana haya ko kana haɗa abin da ake shafawa a jiki, domin manyan kwastomomi irin su makarantu da kamfanoni sukan nemi takarda kafin su ba da aiki.

Mataki na 10: Tallar kuɗi, in lokacinta ya yi

Na bar ta a ƙarshe ne saboda talla ba ta gyara abin da ya lalace. In hotunanka ba su da kyau ko kana jinkirin amsa, kuɗin zai jawo mutane ne su zo su ga hakan. Idan matakan baya sun zauna, zaɓi hoto ko bidiyon da ya riga ya fi jawo tambaya ba tare da ka biya ba, ka sa masa kuɗi kaɗan na mako guda. Facebook da Instagram suna ba ka damar zaɓar yanki da shekarun waɗanda za su gani, da maɓallin da ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka. Taƙaita yankin zuwa inda za ka iya kai kaya ko zuwa aiki.

Ma'aunin nasara ɗaya ne, kuma ba yawan masu danna alamar so ba ne. A ce mutum 20 suka yi maka magana, 4 suka saya. Raba kuɗin tallar gida 4, abin da ya fito shi ne kuɗin da ka sayi kowane kwastoma. Kwatanta shi da ribar da kake samu daga mutum ɗaya, har da sayen da zai sake yi nan gaba in sana'arka irin wadda ake dawowa ce. In riba ta fi, ƙara kaɗan. In ba ta kai ba, tsaya ka canza hoto ko yanki, abu ɗaya a lokaci guda don ka gane wanda ya yi tasiri. Masu sayar da mabiya kuwa, ka rabu da su; mabiyan da aka saya ba sa sayen komai.

Yadda za ka raba makonka

Babban abin da ke karya masu sana'ar gida shi ne sai aiki ya yanke suke tuna neman ciniki. In oda ta shigo su duƙufa, su daina sa hoto, su daina gaisuwa, bayan sati uku su ɗago kai su tarar babu komai a gaba. Maganin wannan shi ne ka yanke wa neman kwastoma rabin awa kullum, a lokaci tsayayye, ko aiki ya yi yawa ko babu. A cikin rabin awar ka buɗe littafi ka tuntuɓi waɗanda ranarsu ta zo, ka gaida 'yan sani uku, ka sa hoto ɗaya. Rana ɗaya a mako ka fita ka ga ɗaya daga cikin abokan ƙawancenka na mataki na 8. A ƙarshen wata ka ƙirga gida na biyar na littafin, hanyar da ta fi kawo mutane ka ƙara mata lokaci, wadda ta yi wata uku ba ta kawo kowa ba ka ajiye ta.

In oda ta fara fin ƙarfinka, kada ka karɓi abin da ba za ka iya gamawa a kan lokaci ba don gudun kada a tafi. Faɗi ranar gaskiya da za ka iya farawa, ka rubuta sunan mutum a jerin masu jira, in kuma gaggawa yake yi ka tura shi wurin wani da ka yarda da aikinsa. Idan jerin masu jiran ya kai wata biyu bai ragu ba, lokaci ya yi da za ka duba farashinka, ko ka ɗauki mai taya ka aiki.